Murfin Alƙalamin Innarki

Birnin Tawa, ranar Asabar da hantsi

Zuwa ga ɗiyata Mariyama, autata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uba, ko da yake da safen nan ma mun gaisa a tsakar gida, ke kina kallon ƙasa ni ina kallon bango. Lokacin da za ki buɗe takardar nan kin riga kin sauka Takanamat, kin ga lakwal ɗin, makarantar da aka ba ki, da yaran da za su riƙa ce miki Madam. Allah ya sa kin sauka lafiya, ya tsare ki a hanya da masauki, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya sa ruwan garin ya karɓe ki.

Jiya bayan Juma'a kin same ni ina shan fura, kika durƙusa kika ce, "Baba, ina son in tafi da alƙalamin Inna, in sa hannu da shi ranar da zan kama aiki." Ni kuma na daka miki tsawa na ce ba kayan wasa ba ne, sai ka ce da 'yar shekara biyar nake magana, ba da malamar lakwal ba. Kika jira na gama kika ɗauki kwano kika fita. Bakina yana da kaifi, kin sani, innarki ma ta sha fama da shi, kuma gaba da gaba ban iya ba da haƙuri ba, da na buɗe baki sai ya karkace ya koma faɗa. Shi ya sa na ɗauko takarda.

Yau da zan fito kasuwa na zare alƙalamin daga ƙasan akwatina a ɓoye, kamar ɓarawo a gidan kaina. Ga shi nan gabana bisa teburin gyaran agogo. Sau biyu ko uku kika taɓa ganinsa, don haka bari in gaya miki halin da yake ciki. Kore ne mai duhu, da zobe ruwan zinariya a bakin murfi, da maƙalin ƙarfe na sokewa a aljihu. Irin mai shan tawada daga kwalba ne, wanda kafin biron bik ya cika gari kowane mushe, malamin lakwal, da shi yake taƙama. Jikinsa lafiya lau, na zuƙa masa ruwa na fesar sau biyar ya fita tas. Bakin rubutun ma na duba da gilashin idona na agogo, ko lanƙwasa babu. Ciwon yana cikin murfi. Shekara ashirin tawada tana kwance a ciki, ta bushe ta yi dutse, har murfin ba ya shiga ya kai ƙarshe. Alƙalamin da murfinsa bai rufe ba kuwa, a zafin arewa, kafin ki gama kiran sunayen yara bakinsa ya ƙafe. Sannan ga wata 'yar tsaga a leɓen murfin, siririya kamar gashi. In na matsa masa wajen wanki tsagar ta gudu, shi ke nan. Babu irin murfin nan a Tawa, babu shi a Yamai, masu yinsa ma ina jin sun daɗe a ƙasa. Kwana biyar gare ni kafin motarki ta Alhamis, kuma yanzu da nake rubutu ban sani ba ko alƙalami za ki tarar cikin takardar nan ko gutsattsarinsa.

Ga yadda na fara, ki riƙe, don wata rana ke za ki yi. Na tsayar da murfin cikin ɗan kofin shayi, bakinsa sama, na tokare shi da tsumma. Na ɗiga masa ruwa a ciki da kwalbar maganin ido da na wanke, har ya kusa cika. Ban nutsar da shi ba, don ruwa in ya shiga bayan maƙalin ƙarfen nan ya ɓuya, tsatsa yake haifarwa. Ruwan kuma na randa ne, wanda ya kwana ya huce, daga gida na zo da shi a gora.

Bayan kamar minti ashirin na juye shi a farin faranti. Subhanallahi! Auta, shuɗi! Shuɗi mai rai, yana yawo cikin ruwa yana buɗewa, har da ɗan warin nan na tawada da na manta da shi. Abin da yake kwance tun kina 'yar shekara huɗu, ɗigon ruwa kaɗai ya tashe shi, ya fito sai ka ce jiya aka zuba. Ni da nake buɗe cikin agogo shekara arba'in, na ɗauka babu sauran abin da zai sa in riƙe baki. Hamidu tela, maƙwabcin rumfata, ya leƙo ya ce, "Isufu, lafiya kake kallon faranti haka kamar ka ga aljani?" Na ce masa, "Zo ka gani, tawadar Madam ce." Ya ajiye almakashi ya zo ya tsaya. Ya dubi farantin ya ce, "Ikon Allah." Wannan shuɗin shi ne na ƙarshe da innarki ta zuba. Da shi take cika rajistar aji a shekarar da ciwon ya kwantar da ita.

Za ki ce mi ya sa sai ruwan randa, ga famfo nan bakin kasuwa. To saurara. Ina saurayi, ban daɗe da barin hannun maigidana Malam Illa ba, wani dattijo Ba'abzine ya zo daga wajen Afala, naɗe da rawani, idanu kawai ake gani. Ya kwance ƙullin bakin rawaninsa ya fito da baƙin alƙalami, ya ce na mahaifinsa ne, tafinta ne a zamanin da. Shi kansa bai iya rubutun boko ba, so yake a wanke masa ya ba jikansa. Na ce, "Ka je ka yi cinikinka, kafin azahar ka same shi." Watan bazara ne. Na ɗebi ruwa daga bidon, jarkar da ta wuni a rana, ruwan da ko alwala ba ka iya yi da shi, na tsunduma murfin ciki, na ce ai zafi ya fi saurin narkar da datti. Na shiga hira. Da na tsamo shi, baƙin nan mai sheƙi ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, bakinsa ya karkace, ya ƙi hawa alƙalamin ko da tsiya.

Wannan ɓarna ce, amma abin da na yi bayanta ya fi ta muni. Da dattijon ya dawo sai na ce masa ai dama haka launinsa yake a ƙasa, datti ne ya rufe. Ya karɓa ya jujjuya, ya dube ni, ya ce, "Yaro, shekara hamsin ina kallon abin nan." Ya mayar da shi bakin rawani ya ƙulle ya tafi. Da zagina ya yi da na samu sauƙi. Har yau in na ga mai irin tsawonsa ya nufo rumfata gabana sai ya faɗi. Don haka ki kiyayi ruwan zafi, har wanda rana ta dafa, tsohon murfi ba ya ɗaukarsa. In kuwa kika ɓata wa wani abu, ko kayen yaro ne, littafin rubutunsa, kika zubar wa miya, ki riga shi faɗa da bakinki. Kunyar rana ɗaya ce, ni tawa na ɗauke ta har na yi furfura.

Na sake cika murfin, zan bar shi zuwa la'asar in juye in sake.

Lahadi

Yau kasuwa ta cika, ban samu zama ba sai bayan azahar, mutanen ƙauye kowa da mataccen agogonsa da tabarau mai ƙafa ɗaya. Tsakanin wannan da wancan nake juye ruwa. Sau shida shuɗi yana fita, yana raguwa, har na fara cewa an kusa. Na bakwai sai ga ja.

Auta, ban san akwai ja a ciki ba. Ashe tawada hawa-hawa take kwanciya, ta bana bisa ta bara, ruwa kuma yana bin su ɗaya bayan ɗaya yana komawa baya. Jan nan na shekarun da ta yi a Kalfu ne, lokacin da aka ba ta ajin masu jarrabawa, ni kuma ina zuwa can duk ƙarshen mako a bayan motar masu albasa. Da la'asar takan shimfiɗa tabarma ƙarƙashin itacen bedi da tulin kaye a gefenta, tana gyara. Ba ta taɓa ja wa yaro layi ta wuce ba, sai ta rubuta masa daidai a gefe da 'yan ƙananan haruffanta. Nakan ce, "Ke, kaye saba'in, haka za ki bi su ɗaya-ɗaya? Ja musu sifiri mu ci tuwo." Sai ta ce, "Kai je ka ja wa agogon mutane sifiri mu gani." Yau ga ni zaune tsakiyar kasuwa, ana ta ciniki ana rantse-rantse, ina kallon ragowar gyaran nan a faranti. Yaran da ta gyara wa da wannan jan wasunsu yanzu likitoci ne, wasu suna Abijan da iyalansu, wasu sun riga mu gidan gaskiya, ita tawadar kuwa ko kodewa ba ta yi ba. Na ji tsoron Allah ƙwarai.

Hamidu ya ga ina ta juye-juye tun jiya ya gaji. Ya ce, "Kai, wahalar nan fa? Ga alkol na wankin ciwo can wurin mai magani, ɗigo biyu ya cinye ta." Na ce masa ya koma kan kekensa. Sai na jawo aljihun tebur na nuna masa abin da ke ma ban taɓa nuna miki ba. Murfin alƙalamin wani majo ne na asibiti, mai ratsi-ratsi kamar ƙwan zabo, kyakkyawa na gaske. Tun da daɗewa ya kawo mini, na ce ai shi ma'aikacin lafiya ne, bari in yi masa wankin asibiti. Na jiƙa auduga da alkol na goge ciki da waje. Nan take murfin ya yi laushi a hannuna kamar alewa, ya yi fari fat, babban yatsana ya nutse a jikinsa. Har yau zanen yatsan yana nan, kowane layi ya fito, ko 'yan sanda ba za su ɗauka da kyau haka ba. Shi majo dai ban yi masa ƙarya ba, na riga na koyi wannan. Ya dubi abin ya ce, "To ka riƙe, tunda ka sa hannu a kai ya zama naka." Hamidu ya yi dariya har da riƙe ciki, ni ban ga abin dariya ba sai yanzu da nake rubuta miki. Kada alkol ya kusanci alƙalamin nan, kada ruwan jabel na wankin tufafi, kada kalanzir, kada turare. Duk abin da aka ce miki yana aiki nan take, ki fara tambaya mi yake ci bayan dattin. Za ki sami masu ba ki irin wannan shawara a kan yara ma, su ce bulala biyu ta gyara shi, ki tuna da yatsan babanki.

Akwai kuma maganar ruwan da nake juyewa. Da fari na ɗauki farantin zan watsa bakin hanya, sai hannuna ya tsaya. Kin san ruwan wankin allo ba a zubar da shi inda ƙafa take takawa. Innarki kuwa ba ta taɓa fara shafi ba sai ta sa bisimilla a samansa, ko da lissafi za ta rubuta a ƙasa. Wa ya san wane ɗigo ne ya rage daga wane rubutu? Sai na samo kwalba ina tarawa. Da magariba ta kusa na shigo gida da ita cikin aljihu, kina madafa, na tsiyaye ta a gindin lallen da ke bayan ɗaki. Kin tambaye ni mi nake yi a can, na ce ina duba tururuwa. Ƙarya ce, ki yafe mini. Ke ma in kin wanke shi ki nemi gindin itace.

Na duba tsagar da gilashi kafin in tashi. Tana nan inda take, ba ta ƙaru ba.

Litinin

Yau na sha wuya. Da safe ja ya ƙare, sai ga wani launi mai kama da furen ƙaya, shuɗi-shuɗi ja-ja, irin tawadar lakwal ta da, wadda ake zuba wa yara a ɗan kurtu cikin ramin tebur. Ita ce ta farko, da ita ta fara aiki, tun kafin aurenmu. Na ce alhamdu lillahi, mun kai ƙasa. Ruwa ya fara fita fari. Na haska cikin murfin da tocila, sai na hango wani baƙin abu a can ƙurya, ya naɗe ɗan zoben ƙarfen da ke kama wuyan alƙalami. Na ɗiga ruwa, na jira, na juye. Ko gezau. Na sake. Sai 'yan baƙaƙen tsaki guda biyu suka faɗo faranti, na murza ɗaya a yatsa, na kai hanci. Auta, na san abin nan. Baƙin tukunya ne da ƙaro. Tawadar allo ce, kuma ni na zuba ta.

Ban taɓa ba ki labarin yadda na san innarki ba. Ina ɗan shekara ashirin da uku a rumfar Malam Illa, ran nan ya tafi jana'iza ya bar ni. Sai ga wata budurwa da jakar lakwal, ta ce alƙalaminta yana yanke rubutu, kyautar babanta ce ranar da ta ci jarrabawa, a duba mata. Na karɓa ina hura hanci, na wanke bakin, ya saki. Sai ta ce, "To gwada mu gani." Ba mu da tawadar kwalba. Maimakon in ce babu, sai na tsallaka wurin malamin da ke rubutun sha a bayanmu na ɗebo tasa, na ce a raina ai tawada tawada ce, tamu ma ta fi albarka. Na zuƙa masa ita, na ja layi, ya fito baƙi ƙirin, kyakkyawa. Ta yi murna ta rufe ta tafi.

Bayan kwana uku ta dawo, fuska ba annuri. Ƙaron ya bushe ya manne murfi da jiki, ya ƙi buɗuwa. Ta ce, "Mi ka zuba mini a ciki?" Na ce, "Kawo, abu kaɗan ne." Na ɗauko filaya na kama leɓen murfin na murɗa. Ya buɗe, amma na ji ɗan ƙas a hannuna. Tsagar da nake ta tsoro kwana uku ke nan, aikina ce. Malam Illa yana zaune, ya tashi ya ƙwace alƙalamin, ya ce, "Tawadar allo ta alƙalamin kara ce, sakarai! Wanga cikinsa ya fi jijiyar idonka siranta." Mako guda ya yi yana ɗiga masa ruwa kafin ya dawo da shi hanya. Ita kuwa kullum in an tashi lakwal sai ta biyo ta duba, ni kuma kullum ina ba ta haƙuri. A rana ta bakwai ta ce, "Kai mai agogo, lokaci duk yana hannunka, amma ba ka da minti biyar na jira." Daga wannan makon maganar aurenmu ta taso. Ashe Malam Illa bai kai ga ƙuryar murfin ba, wautata ta zauna a can, tawadar innarki ta shekara da shekaru ta bi ta kanta ta rufe.

Ki ji da kyau, tawadar kwalba kawai, wadda aka yi don irinsa. Na sa miki kwalba ɗaya cikin kayanki. In ta ƙare ki yi rubutu da bik har ki samo wata, babu kunya a cewa babu. In kuma murfi ya ƙi buɗuwa, ki ajiye shi ki je ki sha ruwa ki dawo, kada ƙarfe ya taɓa shi.

Ina gaya miki haka, amma ni kaina da azahar ɗin nan sai da na ɗauki allurar agogo. Kwana biyu suka rage, baƙin nan ya ƙi motsi, na ce bari in ɗan sakace shi kaɗan. Har na zura ta ciki. Leɓen murfin yana tsakanin yatsuna daidai kan tsagar. Na ce, Isufu, shekara sittin da biyar, har yanzu kai ne dai? Na jefar da allurar cikin aljihun tebur na kulle, na ba Hamidu makullin na ce kada ya ba ni sai gobe ko na yi kuka. Na sa ɗigon ruwan sabulu guda ɗaya tak cikin kofin ruwa, na cika murfin, na je na yi salla, na zauna masallaci har la'asar don kada in dawo da wuri. Da na dawo na naɗa auduga a kan tsinken tsintsiya, na tabbatar tsinken bai leƙo ba, na zura a hankali ina juyawa, ban danna ba. Audugar ta fito baƙa. Na sake wata, ta fito baƙa. Ta tara ce ta fito fara. Na ɗauraye da ruwan randa sau uku, na haska tocila, zoben ƙarfen yana ƙyalli.

Talata

Yau babu aiki sai jira. Na tsotse ruwan ciki da tsumma mai laushi da na murɗa, na kifa murfin a kan wani tsumman, cikin inuwa, can ƙarƙashin tebur. Kada ki shanya shi a rana don ya yi saurin bushewa, ranar garinmu tana fasa abin da ya fi shi ƙarfi. Wuni da kwana yake so. Ban gwada rufe shi ba, kuma nan ne abin tsoron yake, don sai an tura shi ya hau wuyan alƙalami leɓen yake buɗewa, a nan tsaga take gudu in za ta gudu.

Tunda hannuna ba shi da abin yi, bari in faɗi babban kuskuren, wanda ya fi na dattijon Afala da na majo. Ranar da aka yi bakwai ɗin innarki na ɗauki alƙalamin nan yadda ta bar shi, da tawadarsa a ciki, na naɗe a ɗankwalinta na sa ƙasan akwati. Ni mai gyara ne, na fi kowa sanin ba a ajiye alƙalami da tawada a cikinsa. Na sani sarai. Na kasa wankewa ne, gani nake in na wanke na wanke ta. Duk shekara sai in ce baɗi. Ina cewa adana shi nake, ashe kashe shi nake a hankali.

Kuma ba alƙalami kaɗai na yi wa haka ba. Kina 'yar shekara bakwai kin tambaye ni, "Baba, Inna tana dariya?" Na ce ki tafi ki yi wanke-wanke. Kin sake tambaya wani lokaci ko muryarta irin ta Gwaggo ce, na tashi na fita. Daga nan kika daina tambaya, ni kuma na ji daɗi da kika daina, Allah ya gafarta mini. Kin girma a gida ɗaya da mutumin da ya fi kowa saninta, kin tashi ba ki san ta ba. Tana dariya, Auta. Tana yi har ta riƙe ƙofa, yawanci ni take yi wa. Muryarta ta fi ta gwaggonki kauri. Ba ta cin yaji, tana tsoron kaza mai 'ya'ya, kuma in tana tunani takan ɗan buga murfin nan a haƙorinta na gaba, yadda na ga kina yi da bik. Ranar da na fara ganin kin yi haka sai da na bar ɗakin. In kin zo hutu ki zauna ki tambaye ni duk abin da kike so, in na fara faɗa kada ki tashi, ki jira faɗan ya wuce. Kuma abin da kike ƙauna ki riƙa fito da shi kina aiki da shi. Alƙalamin nan ki rubuta da shi kullum, ki ɗauraye shi duk wata, in za ki yi doguwar tafiya ki zubar da tawadar tukuna.

Laraba

Na fito da sassafe, kasuwa ba kowa sai masu shara. Murfin ya bushe sarai. Na zuƙa wa alƙalamin sabuwar tawada, na goge wuyansa, na yi bisimilla na rubuta sunanki a gefen takarda, ya tafi sumul kamar bai taɓa kwanciya ba. Saura rufewa. Na riƙe jikin a hagu, murfin a dama, na kai minti goma a haka. Hamidu ya iso yana buɗe rumfa, ya gan ni, bai yi mini tsiya ba yau, ya zo ya tsaya a bayana. Na ce, "In ya fashe fa?" Ya ce, "In ya fashe ka kai mata a fashe, ka ce kai ne." Na ce haka ne.

Na tura a hankali. Ya wuce inda yake tsayawa shekara ashirin. Ya ci gaba. Sai na ji ƙyat.

Auta, na manta yana wannan ƙarar. Wallahi na manta. Ita ce ƙarar da nake ji daga cikin ɗaki in ta gama kaye na ƙarshe, in na ji ta na san yanzu za ta naɗe tabarma ta ce, "Mai agogo, a kawo tuwo?" Na juya na dubi bayana, ni da hankalina, tsakiyar kasuwar Tawa. Hamidu ne kawai a tsaye. Na kifa kaina bisa tebur na yi kukan da ban yi ba ranar da aka kai ta, shi kuma ya saki labulen rumfar ya tsaya a waje yana ce wa mutane mai agogo bai fito ba tukuna.

Tsagar ba ta motsa ba. Na buɗe na rufe sau ɗaya kawai na ƙara, don in tabbata, sauran na bar miki. Yana cikin jakarki ta hannu, a aljihun ciki, tare da takardar nan. Ki sa hannu da shi. Ki yafe mini tsawar ranar Juma'a da shirun da ya riga ta.

Allah ya kai ki lafiya ya dawo mana da ke lafiya. Ya tsare ki daga sharrin hanya da na baki da na zazzaɓi, ya ba ki haƙurin da bai ba ubanki ba, ya sa yaran Takanamat su amfana da hannunki. Ya jiƙan innarki, ya haskaka makwancinta. Ki gaida shugaban lakwal ɗinku da mutanen gidan da za ki sauka, ki kira ni da kin isa ko da kalma biyu ce.

Wassalam. Ni ne babanki,
Isufu mai agogo